Majigin Malama Lizbet Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, cikar da har ta fara zuba ta gefe, kwamitin iyayen yara na makarantar Sullkapampa, a madadin Malama Lizbet Aruquipa ta aji biyar, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da malaman makarantun da ke maƙwabtaka da mu, da duk wanda ya taɓa ɗumama yatsunsa a jikin mamacin, rasuwar Majigi. Ya cika ranar Alhamis da ta wuce da hantsi, a kan teburinsa, a gaban mutum sittin da ɗaya, bayan doguwar jinya da kurɓa ɗaya.

Ba mu san shekarunsa ba. An haife shi a wata ƙasa ta bayan teku, kamar yadda rubutun da ke gindinsa ya nuna, rubutun da Malama kanta ba ta iya karantawa. Ya fara aiki a wani ofis a La Paz, inda manya masu taye suke gyangyaɗi a gabansa. Da ƙarfinsa ya ragu aka sallame shi, ya koma wata mashaya a El Alto yana nuna ƙwallo, har idonsa ya dushe saboda abin kunyar da yake gani kowane mako. Muna so a rubuta a ajiye cewa duk shekarun da ya yi a mashayar nan bai taɓa kai kwalba bakinsa ba. A can ne mahaifin Malama, direban ƙaramar bas, ya gan shi ya karɓo shi, ya damƙa wa 'yarsa ranar da ta gama makarantar horon malamai.

Tare suka iso mana a watan Fabrairu, ana tsakiyar ruwa. Malama ta diro daga bayan babbar mota rungume da shi a ƙirji, ta bar jakar kayan sawarta ta faɗa taɓo. Shekarunta ashirin da uku, kuma mu ne aikinta na farko. Abin da ba mu sani ba a lokacin, sai daga baya ta faɗa wa Mama Eulogia Chambi wadda ta ba ta ɗaki, shi ne tsoron allo take yi. Muryarta ƙarama ce. A lokacin gwajin koyarwa ta taɓa juya baya za ta yi rubutu, alli ya karye, aji ya tuntsure da dariya, ta kasa sake juyowa. Marigayi shi ne bakinta, shi ne bayanta. Ranar farko ta ari farin zanen gadon Mama Eulogia ta lulluɓe allon da ya koyar da iyayen yaran nan da wasu daga kakanninsu, ta ce darussan shekara guda cur suna cikin kwamfutarta.

Mako biyu da zuwansu Talatar ch'alla ta zo. Kowa ya san ranar, ta yayyafa wa dukiya giya don albarka: gida ya sha, gona ta sha, mota ta sha, keken ɗinki ya sha, a zuba wa Uwar Ƙasa nata, a watsa yagaggun takardu masu launi, a harba abin fashewa. Muka je makaranta kamar kowace shekara. Ƙofa ta sha, sandar tuta ta sha, aka ɗaga zanen gado allo ya sha. Da Mama Eulogia ta nufi teburin marigayi da kwalba, Malama ta sha gabanta ta ware hannu biyu kamar mai tare rago.

"Mama, don Allah, wannan ba ya sha."

"To, ɗan wane gida ne shi?"

Aka yi dariya aka wuce. Da a nan abin ya tsaya da an manta. Amma da aka miƙa wa Malama nata kofin, ba ta ɗiga wa ƙasa ba, ba ta kai baki ba. Ta ajiye shi a bakin taga ta koma duba ko danshi ya taɓa wayar wuta. Kofin ya kwana uku a wurin. Tata Severino Yujra, shugaban kwamiti, ya gan shi duka kwana ukun.

Mutuwa ba ta hana a faɗi alherin mutum, kuma marigayi yana da nasa. Ranar ashirin da uku ga Maris, ranar da muke tuna tekun da aka raba mu da shi, ya kawo teku Sullkapampa. Ya shimfiɗa shi a kan zanen gadon Mama Eulogia, da igiyar ruwansa da ƙararsa, har da wani kifi mai girman cocinmu. Yara ashirin da uku suka ɗage ƙafafu daga ƙasa kada su jiƙe. Tsofaffin da suka shekara saba'in suna maci don teku ba su taɓa ganinsa yana motsi ba, suka leƙo ta ƙofa suka cire hula. Wannan ba za mu ƙwace masa ba.

Mutum ne mai son duhu. Ba ya magana sai an toshe tagogi da barguna, kuma kowa ya san a tudun nan rana ce kaɗai murhun ɗakin karatu. Saboda haka 'yan aji biyar suka yi wata biyar a cikin kogo, hanci na zuba, yatsu sun ƙage ba sa riƙe fensir. Amma da yake mai tausayi ne, yakan fitar da iska mai ɗumi ta haƙarƙarinsa na hagu, kuma kujerar da ke gefen nan ta jawo dambe fiye da filin ƙwallo. Mai biyayya ne ƙwarai: duk lokacin da wutar lantarki ta tafi sai ya bi ta ba gardama, ita ma Malama ta bi su, a zauna ana kallon farin zane har a kaɗa ƙararrawa.

Har yanzu muryarsa tana kunnen waɗanda suka san shi. Da safe yakan ce ƙit, ya yi shiru kamar mai tunanin ko ya tashi, sannan ya ja dogon fuuuu. In ransa ya ɓaci sai ya ƙyafta jan ido ya ce tit, tit, tit. Bai taɓa faɗin abin da ya wuce wannan ba, amma a aji biyar babu wanda ake saurare kamarsa.

Ciwon ajalinsa ciwon baƙi ne. Duk wanda ya hau tudun nan daga ƙasa ya san yadda iskarmu take, ba ta cika ƙirji. A La Paz ma da kyar yake, a El Alto yana gaban ƙofa iska na kaɗa shi, amma a rufaffen ɗaki mai ƙurar ƙasa sai numfashi ya fara yi masa wuya. Ana sanyin da ke daskarar da ruwa a bokiti, shi jikinsa zafi kamar tukunya. Daga watan Afrilu ba ya wuce minti ashirin sai ya ce tit, tit, tit, ya suma. Malama ta hau kan tudun maƙabarta, inda waya ke kamawa, ta kira wani mai gyara a El Alto. Ya ce iskar ce ba ta isar fankarsa, a bar shi ya sha iska, kada a rufe masa jiki.

Mama Eulogia ta saurari wannan bayani har ƙarshe, ta ce mai gyaran yaro ne. A cewarta abu biyu ke damun bawan Allahn nan, sanyi da ƙishirwa. Ta zauna ta saƙa masa riga da gashin alpaka, dabbarmu mai kama da ɗan raƙumi, ja da kore, har da kunnuwa biyu masu lilo. Malama daga tukunyar matar nan take ci, kuma ita kaɗai ce a garin ke kiranta 'yata, don haka ba ta iya cewa a'a ba. In ta hango Mama tafe sai ta sa masa riga, in ta wuce ta tuɓe masa. Wata rana ta manta ba ta tuɓe ba, ya suma a minti shida. Mama ta ce to ga shi nan, sauran ƙishirwar ce. Ta ɗora masa ganyen koka uku a ka.

Ana cikin wannan jinya ne Tata Severino ya buɗe littafin rubutun jikarsa. Mu mutanen nan ba mu yi karatu mai nisa ba, amma mun san yadda ake auna malami: a ɗauki littafin yaro a ji nauyinsa. Daga Fabrairu zuwa ƙarshen Mayu ya tarar da shafi huɗu. Biyu kwanan wata ne kawai, ɗaya zanen kifin nan ne. Ya zaga gida-gida, ko'ina kifi. Kwamiti ya zauna, aka rubuta takarda zuwa ofishin ilimi na gunduma cewa a canza mana malama, kowa ya sa hannu, wanda ba ya rubutu ya dangwala. Sai dai a al'adarmu ba a aika irin wannan takarda sai an ba mutum rana ya tsaya gaban jama'a ya nuna aikinsa. Aka sa Alhamis.

Malama ta san abin da takardar take nufi. Malamar da gari ya kora a shekararta ta farko, labarin yana riga ta isa kowace makaranta. Za ta koma El Alto da majigi a cinya a bas ɗin mahaifinta, mutumin da ya gaya wa kowane fasinja cewa 'yarsa malama ce. Ta daina cin abinci sosai. Ta yanke shawara za ta nuna mana tana girmama mu, don haka ta zaɓi darasi a kan chuño, busasshen dankalinmu. Yamma huɗu ta yi a kan tudun maƙabarta, waya a sama, tana jawo wani fim da wasu masana suka yi a kan yadda ake shanya dankali a sanyi a tattake shi. Wannan fim za ta nuna wa mutanen da tun kafin a haifi mahaifinta dugadugansu suka tsage wajen tattaka shi.

Ranar Alhamis muka zo kai tsaye daga filin shanya, ƙafafunmu na warin dankali. Malama ta kunna marigayi tun da wuri, ya ce ƙit, ya ce fuuuu, ta ji daɗi. Ta fita tarbar Tata Severino, wanda ya zo da jan mayafinsa na muƙami, bulala a kafaɗa, takarda a ƙirji.

Mama Eulogia ta yi lissafinta. Minti ashirin ne da shi, fim ɗin kuma ya fi haka, in ya suma a gaban jama'a 'yarta ta tafi. Ɗanta yana da babbar mota, ta kuma san yadda ake shayar da mota ranar ch'alla: ba a tsayawa a taya, sai an ɗaga murfi an fesa wa inji. Ta zaga marigayi tana neman murfi ba ta samu ba, amma ta ga ramukan da yake numfashi ta cikinsu. Ta fito da kwalbar giya daga mayafinta, ta toshe bakin da babban yatsa, ta girgiza da kyau. Muna shigowa ta saki. Ta bi da dunƙulen yagaggun takardu, tana yi masa addu'ar tsawon rai.

Mu da muke wurin muna shaida cewa bai sha wahala ba. Ya ce gurrr. Ya yi tari sau biyu, ya feso takardu ja da rawaya da shuɗi a kan 'yan layin gaba. A kan zanen gado wani ƙaton dankali ya bayyana, girman kan bijimi, ya tsaya daidai ƙyaftawar ido. Sannan ya ce fat. Siririn hayaƙi ya tashi ta haƙarƙarin hagu, wurin da yara ke ɗumama hannu.

Babu wanda ya zauna. Malama tana bakin ƙofa, fuskarta ta koma kalar zanen. Ta ce daga baya a wannan lokacin mahaifinta kawai take gani, yana hawa matakalar makarantarsu da kwali a ka. Ta tako har gaban tsohuwar, bakinta ya buɗe, kuma duk wanda ke ɗakin ya san irin kalmar da ke tahowa. Hannun Tata Severino ya riga ya shiga ƙirji. Malamar da ta zagi tsohuwa a gaban taro ba ta buƙatar takarda ma, motar yamma za ta bi.

Mama Eulogia ta dubi hayaƙin, ta dubi Malama.

"Ƙishirwar ce ta yi masa yawa, 'yata. Da tun Fabrairu ne, da ya saba."

Malama ta miƙa hannu ta karɓi kwalbar. Na kusa suka ja baya, don sun ɗauka da bango za ta maka ta. Sai ta durƙusa. Ta ɗiga a gindin ƙafar tebur ta farko, ta biyu, ta uku, ta huɗu, daga dama kamar yadda ake yi, ba wanda ya nuna mata. Ta miƙe ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta miƙa wa shugaba da hannu biyu.

"Tata, ga naka. Baƙonku ne, a hannunku ya cika."

Tata Severino ya daɗe yana kallonta. Kwalba ba ta karɓuwa da hannu ɗaya, dole ya fitar da wancan daga ƙirji. Ya ɗiga wa ƙasa, ya sha, ya miƙa gaba, ya ce to a cire bargunan nan hayaƙi ya fita, kuma mun zo ganin darasi, har yanzu ba mu gani ba.

Rana ta shigo aji biyar karo na farko tun Fabrairu. Malama ta yaye zanen gado. Ta ɗauki alli ta juya mana baya, alli ya karye. Aka yi dariya, har da Tata. Ta tsaya kaɗan, ta sunkuya ta ɗauki guntun, ta rubuta chuño da manyan baƙaƙe. Ta juyo ta faɗa mana gaskiya da ƙaramar muryar nan: ita a cikin miya kawai ta san shi, wanda ya sani kuma ga shi kwance. Ta tambaya kwana nawa ake barin dankali a fili kafin a tattaka.

Tata Severino ya ce uku. Daga baya wata murya ta ce biyar, kuma muryar Mama Eulogia ce, hawaye bai bushe mata ba.

"Uku, Mama. Tun ina goye nake wannan aiki."

"Shi ya sa naka yake wari kamar safar soja. Matarka a wurina take saye, je ka tambaye ta."

Daga nan ba wanda ya sake jin ƙararrawa. Masu uku suka koma gefe, masu biyar suka koma gefe, wasu suka ce ya danganta da irin dankalin, aka shiga jera iri-iri har goma sha bakwai. Aka yi gardama a kan fari da baƙi, da wane rafi ya fi kyau a jiƙa, da yadda ake gane sanyin gobe daga taurari. Malama ta ce wa yara kowa ya rubuta abin da aka faɗa da sunan wanda ya faɗa, don gobe za a tantance mai gaskiya. Jin za a rubuta suna, wanda bai taɓa magana a taro ba ya ɗaga hannu. Ita kuma tana allo tana jerawa, tana gogewa, tana tsawata wa dattawa su bi layi, muryar da muka ce ba ta da ita tana kaiwa har bakin tuta. Marigayi yana kwance a tsakiya yana ɗiga.

Da aka tashi Tata Severino ya karɓi littafin jikarsa, ya lashi yatsa ya buɗe. Shafi tara. Sunansa ya fito sau shida, kuma a wuri biyu an rubuta a gefe cewa Mama Eulogia ta ce ƙarya ne. Ya auna littafin a tafin hannu, ya mayar, ya fita.

Marigayi ya rasu ya bar matarsa kwamfuta, da darussan shekara guda a cikinta ba mai faɗa mata su. Ya bar rimot, wanda tun a mashaya ya kurumce. Ya bar doguwar wayar wuta da ta kayar da mutum huɗu, ciki har da shugaban makaranta, an kuma ba ta aikin shanya. Ya bar riga ja da kore, wadda ta yi wa butar shayin ofis daidai. Farin zanen gado ya koma gadon da ya fito, kuma Mama Eulogia ta ce tun ranar take mafarkin kifi. Ya bar yara ashirin da uku da suka ga teku, da malama ɗaya da har yanzu in ta wuce teburinsa sai ta taɓa wurin da hannu. Mahaifinta ya aiko cewa zai nemo wani. Ta ce ya nemo, amma na ranar Juma'a kawai, kuma mai ƙarfin huhu. Kwamiti bai ƙi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an kwashe chuño, kwana uku ko biyar, gwargwadon gidan da mutum ya fito. Za a sa shi a kwalin da ya zo ciki, a ɗora a saman kabad ɗin ofis kusa da tsohuwar taswira, inda zai sha iska yadda mai gyara ya ce. Tata Severino ya ga ƙasan kwalin ya yi laushi, ya kawo wata takarda mai sa hannu da dangwale ashirin da shida, ya ninke ta huɗu ya shimfiɗa masa. Ya ce ba ta da wani amfani yanzu. Ran bikin matattu a Nuwamba Mama Eulogia za ta gasa burodi mai siffarsa, da ido ɗaya.

Masu zuwa ta'aziyya su zo da nasu kofin. Malama ta roƙa a tsaya taku biyar daga kwamfuta, tana takaba. Wanda hannunsa ke ƙaiƙayi ya zuba wa allo. Shekara arba'in yana sha, bai taɓa tari ba.

Ubangiji ya ba shi hutawa, ya ba mu haƙurin hasken rana.

Tata Fermín Calle, dattijon kwamiti, wanda ya yi aji uku a gaban allon nan.